Shekarar da Kwanata Ta Koma ta Cindo

Ku 'ya'yana, da ku jikoki masu latse-latsen waya, wannan babin ku karanta shi a zaune, kuma kada wanda ya yi dariya sai ya kai ƙarshe. Abin da ya sa na ɗauko shi, ran nan autata Bilkisu ta zo hutu daga jami'a a Gwagwalada, inda take karatun tarihi, ta zauna tana yi mini bayani wai manyan mutane da manyan al'amura su ne ke juya al'umma. Ina shan fura ina gyaɗa kai, don maganar ta yi mini daɗi, har ina jiran ta kawo misali da ni. Sai ta ce:

"Ka ga kamar unguwar nan tamu, Baba. Ai Baba Cindo ne ya kafa ta, shi ya sa ake kiranta da sunansa."

Furar nan sai da ta fito mini ta hanci. 'Yar cikina, a tsakar gidana, a kan tabarmata! To ni dai aji huɗu na yi a firamare, na ɗora da yaƙi da jahilci na yamma, ban kai ku boko ba. Amma tarihin wannan kwanar ba a littafi na karanta shi ba, da tsintsiya na share shi. Don haka ku saurara, in gyara abin da jami'a ta ɓata.

Lokacin da na zo nan, Abuja ba ta wuce magana a rediyo da tarin jar ƙasa ba. Lebura na fara yi a kamfanin da ke shimfiɗa titin da ya tashi daga cikin gari ya nufi Zuba. Da bayana ya gaya mini gaskiya, sai na nemi tebur da benci da butar shayi. A daidai inda titin ya karya kwana akwai wata tsohuwar ɗorawa, bayanta gonar doya ce ta Gwarawa. Mai gonar ya rasu, sai matarsa, wadda kowa ke ce wa Mama Ladi, tana sayar da doya da itace, kaya a kafaɗa yadda matansu ke ɗauka. Na kai mata goro da gishiri, ta dube ni sama da ƙasa ta ce in zauna, amma kada in taɓa mata kalwa. Ni na sare ciyawar wurin. Ni na kashe macijin da ke gindin bishiyar, kuma ba ƙarami ba ne, ko da yake uwarku takan rage masa tsawo in ina ba da labarin. Ni na fara hura wuta a wurin. A lokacin ba gida ko ɗaya, daga ni sai direbobin tifa da ƙadangaru. In direba zai yi kwatance sai ya ce wajen mai shayi, kuma mai shayin ni ne, Ilu, ubanku. Ku riƙe wannan da kyau.

Shi kuwa Cindo, ɗan kawuna ne, taubashina, mai yatsa shida a hannun hagu. Ni na aika aka zo da shi daga gida, saboda kawu ya ishe ni da saƙo cewa yaronsa ya gagari noma. Ba ciwo ke damunsa ba. Cindo dai mutum ne da Allah ya halitta don zama. In ya ɗora jikinsa a benci da safe, inuwar ɗorawa ce ke zagaya shi, shi ba ya bin ta. In rana ta same shi sai ya yi haƙuri har inuwar ta dawo. Bai iya haɗa shayi ba, ko dai sukari ya yi yawa ko ya manta da shi gaba ɗaya. Bai san bihim ba a boko. Abu biyu ya iya: dariya mai ƙarfi da ake ji daga tsallaken titi, da tambayar baƙo lafiyar mutanen gidansu ɗaya bayan ɗaya kamar ya san su. Aikinsa a wurina wanke kofuna ne, su ma a zaune.

Sai ga shekarar da gwamnati ta kwaso kayanta daga Ikko ta tare a Abuja. Ku da aka haifa kuka tarar da gari ba za ku gane ba. Tireloli ne ke wucewa ta gabanmu ba dare ba rana, ɗauke da kujeru da kabad na ƙarfe da tulin fayil ɗaure da igiya. Bayan kaya sai mutane: Yarbawa, Ibo, Tibi, mutanen Kalaba, kowa da katifarsa a naɗe da fuskar wanda aka tasa daga barci. Manya an ba su gidaje a cikin gari. Ƙananan ma'aikata kuwa, akawu da direba da mai buga tafireta, gari ya tofo su waje, suka bazu a ƙauyukan bakin hanya suna neman ɗaki. Kafin damina ta zagayo, rabin gonar Mama Ladi ya koma ɗakunan haya na jar ƙasa da kwano.

Ana cikin haka wata rana da la'asar motar wani Bayarabe ta yi zafi a daidai kwanata. Darakta ne a wata ma'aikata, mai ƙaton agogo. Na zuba masa ruwa a lagireto, na goge benci, na haɗa masa shayi mai kauri, na ce masa gud monin sa. Na san la'asar ce, amma ita ce gaisuwar da ta fi zauna mini a baki. Ya kurɓa, ya lumshe ido, ya tambaye ni ko na iya karatu. Na karanta masa lambar motarsa ba gargada. Nan take ya ce yana neman masinja, in zo ofis ranar Litinin, har da kaki da takalmi.

Na shiga gida ina tafiyar ma'aikaci. Uwarku Hajara tana gyaran waken ƙosan da nake sayarwa a tebur, ta saurare ni har na gama ba ta ɗago kai ba.

"Malam, shekara da shekaru kana yi wa ƙadangaru shayi. Yanzu da mutane suka zo ne za ka tashi?"

"Ke ba ki san tarihi ba," na ce mata. "A can cikin gari ake yin sa. Nan wucewa kawai yake yi a mota."

"To ai mai wucewa shi ke jin ƙishirwa."

Ban kula ta ba, don mace in ta fara gaskiya ba ta san inda ake tsayawa ba. Na koma wajen Cindo na ce riƙo zan ba shi, tebur da buta da benci, riƙo kawai, ba kyauta ba. Ya yi dariyar nan tasa har tsuntsaye suka tashi daga ɗorawa.

"Je ka, Ilu, je ka ka zama gwamna. In ka hau kada ka manta da talakawa. Ni zan riƙe maka bencin nan, wallahi ko motsi ba zan yi ba."

A iya sanina wannan ne kaɗai alkawarin da ya taɓa cikawa a rayuwarsa.

Na kama aiki. Ranar farko aka ba ni kaki mai guga, aka nuna mini wani lungu a bayan ofishin oga, na leƙa sai ga buta da kofuna. Ashe shayin ne ya biyo ni, sai dai yanzu da takalmi nake yin sa. Ban damu ba, domin masu shansa sun canja. A hawa na uku akwai wani kwamiti da ke zama yana raɗa wa sababbin tituna suna, kuma ni ke shiga musu da tire. Na ga yadda ake yi da idona: a kawo sunan wani babba, a yi gardama da Turanci, a sha shayi, a amince, a buga a allon ƙarfe, a je a yanke ƙyalle ana tafi. Ina iya ce muku rabin titunan Abuja da shayina a cikinsu aka sa musu suna. Sai na sakankance cewa haka suna ke hawa wuri a duniya, daga sama yake saukowa, ta hannun masu agogo. Na ce a raina, Ilu, ka tsaya kusa da tukunya, wata rana za a ɗiga maka ko ɗan lungu ne.

Ban san akwai wani kwamitin ba, wanda ba ya zama, a ƙofar bas yake lilo da ƙafa ɗaya.

Ga yadda abin yake, don ku masu kiran mota ta waya ku fahimta. Da ma'aikata suka yi yawa a hanyarmu, sai bas-bas suka fara jigila daga cikin gari zuwa Zuba. Kwandasta yana rataye a ƙofa, in an kusa wata tasha sai ya ƙwala sunanta. Mai sauka ya amsa da ƙarfi ya ce akwai, kwandasta ya doki jikin mota, direba ya taka birki. In ba wanda ya amsa, mota ta wuce, kuma ba a dawowa da kai. To kwanarmu ba ta da suna. A ce wajen mai shayi, masu shayi sun cika hanya a lokacin. Su kuma baƙin nan da ba su san kowa ba, sun lura akwai mutum ɗaya da duk sa'ar da ka zo yana nan inda ka bar shi. Sai mai fita aiki ya bar masa makullin ɗaki don matarsa. Mai jiran saƙo daga garinsu ya ce a ajiye wurin Cindo. Wata 'yar Kalaba har tukunyar miya take bar masa ya duba mata. Kwandastoci kuwa ya sakar musu ruwan zafi da ragowar burodi, burodin teburina, suna zama suna ba shi labarin hanya yana ƙyaƙyata musu dariya. Lalaci ne zalla, amma mutane suka ɗauke shi amana.

Watannin farko direban oga ke rage mini hanya, don haka ban ji komai ba. Ranar da na fara shiga bas, ina zaune a tsakiya da kakina, na hango ɗorawata daga nesa, sai yaron motar ya buɗe baki:

"Cindo! Cindo! Akwai Cindo?"

Na waiga ina neman inda Cindon yake a cikin mota. Sai na ji mutum wajen biyar sun haɗa baki sun ce akwai. Mota ta tsaya a gaban teburina. Na sauka a bayansu. Ga shi nan zaune, ya miƙe ƙafa, yana sosa kunne da tsinken ashana.

"Kai, wa ya ba ka izinin sa wa wurina sunanka?"

"Ni? Ilu, ni ko motar ban taɓa shiga ba. Me suke cewa?"

"Ka fi ni sani, ɓarawon zaune."

"To gobe ka ce su daina mana. Ba kai ne gwamnati ba?"

A ranar na yi wa kaina alkawari, bakina ba zai taɓa amsa wannan kiran ba. In an ce Cindo in ce akwai, ai na sa hannu ke nan. Ranar da akwai masu sauka, sai in bi bayansu bakina a rufe, ba ruwana. Matsalar ita ce ranar da oga ya riƙe ni, ko ya sallame ni da wuri, in zama ni kaɗai ne mai sauka. Na fara gwada hanyar lalama. Muna kusowa na riga kwandasta na ce Kwanar Ilu akwai. Ya dube ni ya ce, "Baba, ina ne haka? Ba mu zuwa can." Washegari na ce ɗorawa akwai, wani ya ce wace ɗorawa, duk hanyar ɗorawa ce. Kafin in gama kwatance mun wuce. Tasha ta gaba kuwa sai an kusa Zuba. Haka zan sauka can in juyo da ƙafa, ta gefen titi, tireloli suna watsa mini ƙura, in iso gida ta yamma alhali ofishina yana gabas. In an tambaye ni sai in ce lemo na je dubawa a kasuwar Zuba. Takalmin gwamnati bai ga ƙarshen shekarar ba.

Da na ga ƙafa ba za ta ci wannan yaƙin ba, sai na koma ga ilimi. Na samo falanki da fenti, na rubuta KWANAR ILU da manyan baƙaƙe, na kafa shi ɗan gaba da ɗorawa inda kowane direba zai gani, yadda na ga manya suna yi. Ban samu mai yanke ƙyalle ba, na yanke da kaina. Sati bai cika ba na ji kwandasta yana cewa:

"Cindo! Cindo Sayinbod! Akwai Sayinbod?"

Wato na ƙara masa tasha ta biyu da fentina. Na kai ƙara wurin oga, na same shi yana cikin nishaɗi, na ce ranka ya daɗe, tunda kwamiti na zama, a taimaka a duba maganar kwanarmu. Ya jawo babbar taswira, ya bi titin Zuba da yatsa, ya ce a nan babu kwana, babu gidaje, babu kowa, fili ne kore aka zana. Ya ce a hukumance ni da iyalina ba ma nan, sannan ya ce in ƙaro masa sukari.

Na dawo na zauna wajen Mama Ladi ina huci, tana jera doya. Na zayyana mata zaluncin da aka yi mini tun daga maciji har zuwa fenti. Hausarta irin ta nan ce, ba ruwanta da mace ko namiji. Ta ce:

"Mai shayi, kai tana kuka don suna? Wurin nan yana da suna tun kakan mijina bai haifu ba. Wa ya tambaye mu? Kai ma da ka zo, ka tambaya?"

Ta faɗi sunan da yarensu, mai daɗi, ya shafi wani rafi da titi ya binne. Na maimaita, ta yi dariya ta ce na karya shi. Ba zan rubuta shi nan ba don kada in sake karya shi. Amma wallahi a ranar da za a mayar da wannan sunan da na fi kowa tafi. Na yarda a kira wurin da Gwaranci, da Turanci, da sunan kowane janar. Ni dai kada a ce Cindo.

To a wannan shekarar ce uwarku take ɗauke da cikinka, kai Nasiru. Da cikin ya tsufa na ce lallai a asibitin cikin gari za a yi mata awo, don matar ma'aikaci ce. Muka je, muka sha layi, muka shigo bas da rana tsaka, lokacin da duk ma'aikata suna ofis. Na duba motar kaf, ban ga fuskar ɗan kwanarmu ko ɗaya ba, duk 'yan kasuwar Zuba ne da kwandunansu. Ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Tun muna hanya na ga tana cije leɓe tana riƙe ƙarfen kujera. Ta matso kusa da kunnena.

"Malam, abin nan fa kamar ya taso."

"Yi haƙuri, mun kusa."

"Na san mun kusa. Shi ya sa nake gaya maka. Yau zan ga ko ni ma lemo za ka kai ni dubawa."

Ashe ta sani. Duk watannin nan tana wanke mini kaki mai ƙurar Zuba, ba ta ce uffan ba, tana jiran ranar da za ta kama ni a inda ba mafita. Na ce mata a hankali, to ke ki amsa mana, ai bakinki ba ciwo yake ba. Ta ce ita ba za ta ɗaga murya cikin maza ba ga mijinta zaune, ba haka aka tarbiyyantar da ita ba. Ku ji fa, matar da in ta kira ɗayanku daga tsakar gida har masallaci ana ji.

Ruwa ya ɓarke. Na hango ɗorawa ta cikin gilashi. Yaron motar ya leƙo da kansa a jiƙe.

"Cindo! Akwai Cindo?"

Na dubi rufin mota. Na ce a raina wataƙila akwai wani a baya da barci ya ɗauke.

"Cindo ba mai sauka? Direba, faya!"

Na ji direba ya ƙara wuta. Ɗorawa ta zo daidai tagarmu. Uwarku ta damƙi cinyata da farce, ta yi wani nishi da ban taɓa jin irinsa ba, na dubi fuskarta na ga wannan ba wasa ba ne, gumi ne ke zuba duk da sanyin ruwa. Na tuna nisan Zuba, na tuna hanyar dawowa, na tuna ba wata ungozoma da na sani a can. Ban san lokacin da na miƙe ba har kaina ya bugi rufi.

"Akwai! Akwai! Don Allah akwai!"

Direba ya taka birki har kwandunan mutane suka kife, lemo ya bi ƙarƙashin kujeru. Wata mata ta ce, "Haba Baba, da barci kake?" Aka taimaka muka sauko, a gaban teburin sak. Cindo yana ƙarƙashin rumfar leda, a bencinsa. Ya dube ni, ya dubi motar, ya dubi gabas inda ta fito, sai ya washe baki.

"A'a! Ilu! Yau kuma ta gabas rana ta faɗo? Na ji kamar an kira ni, wani ya amsa da babbar murya. Wa ye wannan mai ƙaunar tawa?"

Kafin in sami abin da zan jefe shi da shi, ya ga halin da uwarku take ciki. Abin da ya biyo baya sai na faɗa, don tarihi ba ya son ƙarya: Cindo ya tashi. Da gudu, cikin ruwa, ba takalmi, ya tsallaka gona ya ɗauko Mama Ladi, don ita ce ungozomar kwanarmu. Mutanen kwana suka fito ƙofar ɗakunansu suna kallo, don ba wanda ya taɓa sanin tsawonsa. Kafin magariba, kai Nasiru, ka faɗo a hannun Mama Ladi kana tsala ihu. Ranar suna Cindo ya zo ya ci tuwo ya fi kowa, yana gaya wa duk wanda ya zauna kusa da shi cewa Ilu ya yi mubaya'a a gaban shaidu cikin mota. Na ce ban ambaci sunan kowa ba, matata na ceta. Ya ce ai shi ma abin da ya ce ke nan.

Ban karɓi teburin ba. In karɓa in zauna ina sayar da shayi a Cindo, a ce yaron Cindo ne? Na ƙare aikina na gwamnati har na yi ritaya, da tire a hannu. Oga ya koma garinsu, titin da aka sa wa sunan maigidansa ma an canja masa suna bayan an canja gwamnati. Ɗorawa an sare ta da aka faɗaɗa hanya. Mama Ladi an tashe su an kai su wani wuri, ta rasu a can. Wata shekara aka zo da motar rusau aka share rabin unguwa, mutane suka sake ginawa. Da aka yi gadar sama, aka kafa ƙaton allo kore da sunan wani babban mutum, aka yanke ƙyalle, na je na yi tafi har hannuna ya yi zafi, na ce yau dai an rama mini. Washegari na shiga mota, yaro ya leƙa ya ce Cindo Gada, akwai? Shi kuwa gogan naku ya rasu a kan bencinsa bayan sallar azahar, kofi a hannu, bai taɓa sanin yadda ake rubuta sunan nasa ba. Jana'izarsa sai da ta tsayar da titi. Kwandastoci suka ajiye motoci, Kirista da Musulmi, har da waɗanda suka zo suna tambaya wai da ma mutum ne. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, taubashina ne, tare muka yi kiwon awaki. Amma ina kuka ina ƙirga sahu da wutsiyar ido.

Saboda haka, Bilkisu, ki koma ki gaya wa malamanku: gwamnati ta taso da gari guda daga bakin teku ta dasa a daji, wannan babban al'amari ne, na yarda. Manya sun zana tituna sun sa sunayensu, na yarda. Amma wanda ya share kwanar nan Ilu ne, wanda ya ci sunanta kuwa zama kawai ya yi. In suna da bayanin wannan a littafinsu, su aiko mini.

Saura wasiyya. Da na yi niyyar in hana ku, in ce ranar da ta Allah ta kasance a kaina, kada wanda ya sanar cewa za a yi jana'iza a Cindo. Na kwana biyu ina juya maganar, sai na ga in kun ce Kwanar Ilu ba wanda zai gane, mutane za su wuce har Zuba suna nema, sahuna ya ƙare a mutum goma, shi kuma yana can yana dariya. Wannan kam ba zan ba shi ba. Don haka ku faɗa, ku sa a rediyo, ku tura a wayoyinku, ku ce a sauka a Cindo. Ina son sahuna ya fi nasa ko da mutum ɗaya ne.